TARIHIN ARTHUR ROWLEY, WANDA YA CI ƘWALLO 434

 Yau tarihin wani ɗan ƙwallo na ƙasar Ingila muka kawo muku.

Kuna jin labarin ƙwallon Ingila a rediyo. Yaranku sun san Manchester United, sun san Liverpool da Arsenal. To, ku tambaye su: tun da aka fara gasar ƙwallo a ƙasar nan, wane ne ya fi kowa jefa ƙwallo a raga? Za su kawo muku manyan sunaye, amma da wuya su faɗi na daidai. Sunan mutumin Arthur Rowley. Haka ake rubuta shi, amma a baki ana cewa Ata Roli. Ya ci ƙwallo 434 cikin wasa 619. Har yau babu wanda ya kamo shi. Duk da haka, ba a taɓa sa shi cikin babbar ƙungiyar ƙasarsa ba, ko sau ɗaya. Yawancin aikinsa a ƙananan rukunoni ya yi shi. Ga yadda abin ya faru.

TSANI MAI HAWA HUƊU

Kafin ku gane tarihin Roli, sai kun san yadda gasar take.

An kafa gasar Ingila a shekarar 1888 da ƙungiya 12. A 1950 sun kai 92. Da yake ba su iya karawa duka a wuri guda, sai aka raba su rukuni rukuni, kamar tsani. Daga 1958 tsanin ya zama mai hawa huɗu. Rukuni na ɗaya shi ne na manya, masu kuɗi da manyan filaye. Shi ne wanda tun 1992 ake kira Firimiya. Rukuni na huɗu shi ne na ƙasa, inda ƙungiyoyin ƙananan garuruwa suka fi yawa.

A cikin rukuni, kowace ƙungiya tana karawa da kowace sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawa. Ana farawa a watan Agusta, a gama cikin watan Mayu. Wannan shi ake kira kakar wasa. A zamanin Roli, wadda ta ci wasa tana samun maki 2, in an yi kunnen doki kowa ya samu maki 1. Ƙarshen kaka sai a haɗa maki. Waɗanda suka zo kan gaba su hau rukunin sama. Waɗanda suka zo kurar baya su sauka ƙasa. Hawa abin murna ne ga gari duka, domin ƴan kallo suna ƙaruwa, kuɗin ƙofa ma suna ƙaruwa. Sauka kuwa baƙin ciki ne da asara.

Cikin ƴan wasa 11, akwai masu tsaron baya, akwai na tsakiya, akwai na gaba. Aikin ɗan gaba shi ne cin ƙwallo. In ya ci, a ɗauke shi a ka. In ya yi sati uku bai ci ba, a fara gunaguni. Wannan shi ne aikin da Roli ya yi shekara 19.

ƘURUCIYA CIKIN YAƘI

An haifi Roli ran 21 ga Afrilu, 1926, a garin Wolverhampton, a tsakiyar Ingila, yankin maƙera da masana'antun ƙarfe. Yana da wa, sunansa Jack, wanda ya riga shi shiga ƙwallo, yana buga wa Manchester United.

Roli yana ɗan shekara 13 aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, a 1939. Sai aka dakatar da gasa. Samari suka tafi soja. Wasannin da ake yi lokacin na rage zafi ne kawai, ba a sa su cikin lissafi. A irin waɗannan wasanni ne, a 1941, yaro ɗan shekara 15 ya shiga fili tare da wansa cikin rigar Manchester United. Amma ba su riƙe shi ba. A 1944 ya sa hannu da wata ƙungiya ta kusa da garinsu, West Bromwich Albion. Shi ma ya yi nasa aikin soja.

An koma gasa a 1946. Farkon Roli bai yi armashi ba. Wasa 24 ya buga wa West Bromwich, ya ci ƙwallo 4 kacal. Wanda ya gan shi lokacin ba zai ce za a yi wani abu da shi ba. Ƙarshen 1948 suka sallame shi, ya koma Fulham, a birnin Landan, cikin rukuni na biyu.

Can ƙafarsa ta buɗe. Cikin rabin kaka ya ci ƙwallo 19, Fulham ta zo ta ɗaya a 1949, ta hau rukunin manya. Amma da suka hau, ƙwallo 8 kawai ya ci a kakar da ta biyo. Sai shugabannin Fulham suka yanke masa hukunci a ransu: wannan ɗan rukuni na biyu ne, ba ya iya manya. A 1950 suka sayar da shi. Wannan shaida ta bi shi har ƙarshen wasansa.

SHEKARA TAKWAS A LESTA

Ƙungiyar da ta saye shi ita ce Leicester City. A baki ana cewa Lesta. Tana rukuni na biyu lokacin.

Ku tuna ƙwallon wancan zamani ba irin ta yau ba ce. Da fata ake ɗinka ta, a ɗaure bakinta da igiya. In ta sha ruwa sai ta yi nauyi. Ingila kuwa ƙasar ruwan sama ce da sanyi, cikin hunturu fili yana zama taɓo kamar fadama. Kuma kafin 1965 ba a canza ɗan wasa a gasa. Wanda ya ji ciwo, ko ya daure ya ci gaba da ɗingishi, ko ya bar ƴan'uwansa su goma. Irin wannan wasa sai mai ƙarfi.

Roli kakkauran mutum ne, mai faɗin ƙirji. Ƙarfinsa yana ƙafar hagu. In ya samu ƙwallo ba ya yawan yanka, sai ya ɗirka ta tun daga nesa. Saboda ƙarfin bugunsa ƴan kallo suka sa masa laƙabi da Turanci, ma'anarsa mai harba igwa.

Ga ƙwallayen da ya ci wa Lesta a gasa, kaka bayan kaka:

1950-51: 28
1951-52: 38
1952-53: 39
1953-54: 30
1954-55: 23
1955-56: 29
1956-57: 44
1957-58: 20

In kun haɗa za ku samu 251. Ku duba da kyau, babu kakar da ya kasa 20. Manomi ya san bambancin gonar da ta ba da amfani shekara ɗaya da wadda take cika rumbu shekara takwas a jere.

Sau biyu Lesta ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu tare da shi, a 1954 da 1957. A kakar 1956-57 ya ci 44 cikin wasa 42. Har yau babu ɗan Lesta da ya ci haka a kaka ɗaya.

In an haɗa da wasannin kofi, ƙwallo 265 ya ci wa Lesta. Wanda ya fi shi a tarihin ƙungiyar, Arthur Chandler, yana da 273. Saura 8 ya kamo shi. Sai ga shi a 1958 mai horar da ƙungiyar ya ce a sayar da shi, yana ɗan shekara 32. Magoya bayan Lesta sun ji haushi ƙwarai, amma ba su da ta cewa.

GARIN BAKIN KOGI

Mutum mai suna irin nasa, in aka kore shi daga rukuni na ɗaya, ana zaton zai nemi wata babbar ƙungiya. Roli sai ya sauka har hawa na ƙarshe. Ya tafi Shrewsbury Town, cikin rukuni na huɗu. A baki ana cewa Shurusberi. An ba shi aiki biyu: shi ne mai horar da ƴan wasa, kuma shi ne ɗan gaba. Shi zai zaɓi waɗanda za su buga ran Asabar, sa'an nan ya sa riga ya shiga tare da su.

Shurusberi gari ne na kasuwar manoma da makiyaya, kusa da iyakar ƙasar Wales. Ƙungiyar garin ba ta daɗe da shiga gasa ba, a 1950 aka karɓe ta. Filinta, Gay Meadow, yana daidai bakin kogin Severn. In kogi ya cika sai ya shanye fili. In ɗan wasa ya yi bugu ya wuce saman rumfa, ƙwallo sai cikin ruwa. Ƙungiyar kuwa ba ta da kuɗin da za ta riƙa barin ƙwallo tana bin kogi. Saboda haka akwai wani mutum, Fred Davies, mai ɗan jirgin ruwa zagayayye kamar babban masaki. Shekara da shekaru aikinsa ke nan ranar wasa, ya bi ƙwallo da jirginsa ya tsamo ta. Wurin da wanda ya ci ƙwallo 44 ya koma ke nan.

Bai ɗauki wurin da raini ba. A kakarsa ta farko ya ci 38, Shurusberi ta zo ta huɗu, ta hau rukuni na uku a 1959. Kaka ta gaba ya ci 32, suka zo na uku. Biyu ake ɗauka zuwa sama, saura ƙiris su sake hawa.

Shekarar 1961 ita ce babbar shekarar garin. An ƙirƙiro wani sabon kofi, inda manya da ƙanana suke karawa, wanda aka kayar ya fita. Everton, babbar ƙungiya ta rukuni na ɗaya, ta zo filin bakin kogi. Shurusberi ta ci ta 2 da 1. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sai da suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Rotherham ta fid da su.

A wannan shekara kuma Roli ya kafa tarihi. Kafin shi, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Ingila shi ne Dixie Dean, tsohon gwanin Everton, mai 379. Ƙarshen kakar 1960-61 Roli ya kai 380. Bai tsaya nan ba. Ya ci 23, ya sake cin 24. Daga nan jiki ya yi nauyi, shekaru sun ja. Kaka biyu na ƙarshe ya ci 5 da 2. Ya ajiye takalmi a 1965, yana ɗan shekara 39, bayan ya ci wa Shurusberi 152.

Yanzu mu haɗa lissafi tare. West Bromwich 4, Fulham 27, Lesta 251, Shurusberi 152. Jimla 434.

ME YA SA ƘASARSA BA TA KIRA SHI BA?

Wansa Jack ya buga wa Ingila wasa 6. Shi Roli an sa shi sau ɗaya cikin ƙungiyar ƙasa ta biyu, wadda ake gwada ƴan wasa a cikinta. Babbar riga kuwa bai taɓa sa ta ba. Dalili uku za mu kawo muku.

Na farko, zamaninsa zamanin gwanaye ne. Akwai Nat Lofthouse na Bolton, akwai Jackie Milburn na Newcastle, akwai wasu. Duka a rukuni na ɗaya suke.

Na biyu, kafin 1963 wani kwamitin shugabannin ƙwallo ne yake zaɓen ƴan wasan ƙasa. Idonsu ya fi zuwa manyan filaye. Wanda yake rukuni na biyu sai ya yi ninkin abin da wani ya yi kafin a waiwaye shi.

Na uku ya shafi doka. Kuna iya tambaya, me ya hana Roli barin Lesta tun da wuri ya tafi babbar ƙungiya? A lokacin ɗan wasa ba shi da ikon kansa. Takardarsa tana hannun ƙungiya. In ba ta yarda ba, ba ya zuwa ko'ina, ko da yarjejeniyarsa ta ƙare. Sai a 1963 kotu ta ce wannan tsari bai dace ba. Kuma an ƙayyade albashi. A 1958 babu ɗan wasan da aka yarda a biya fiye da fam 20 a sati, komai gwanintarsa. Ƙungiyar ƴan wasa ta yi ta fama, har ta yi barazanar yajin aiki, sa'an nan aka soke dokar a Janairun 1961. Nan da nan Fulham ta fara biyan gwaninta Johnny Haynes fam 100 a sati. Lokacin Roli yana ɗan shekara 34, yana rukuni na uku. Damina ta sauka bayan ya gama nomansa.

ƘWALLON ƘARAMIN FILI ƘWALLO CE?

Akwai masu cewa 434 ɗin nan ba abin mamaki ba ne, tun da a ƙasa ya ci su. Bari mu duba maganarsu da adalci.

Cikin 434, guda 51 ya ci a rukuni na ɗaya. Ya ci 231 a na biyu, 114 a na uku, 38 a na huɗu. Gaskiya ne masu tsaron baya na rukuni na ɗaya sun fi wayo da sauri. Shi ya sa ake girmama Jimmy Greaves, wanda ya ci 357 duka a rukunin manya. Kokowar dandalin ƙauye daban, ta neman takobi daban. Wannan ba a musu.

Amma ga abin da masu wannan magana suke mantawa. Sau biyu Roli ya hau rukuni na ɗaya tare da Lesta. Karo na farko ya ci 23, alhali ƙungiyarsa ba ta da ƙarfi, har ta sauka a wannan kaka. Karo na biyu ya ci 20. Ashe hukuncin da Fulham ta yanke masa a 1950 an yi gaggawa.

Sa'an nan dubban ƴan gaba sun bi ta waɗannan ƙananan rukunoni, kafin shi da bayansa. In da cin ƙwallo a can abu ne mai sauƙi, da an samu wanda ya kai 434. Ba a samu ba. Raga faɗinta ɗaya ne a ko'ina. A ƙaramin fili taɓo ya fi yawa, duka ya fi zafi, abokan wasan da za su miƙo maka ƙwallo mai kyau sun fi ƙaranci. Kaka 13 a jere, daga 1950 zuwa 1963, Roli bai taɓa kasa ƙwallo 20 ba.

ƘARSHEN RAYUWA DA ABIN DA YA BARI

Bayan ya daina bugawa ya ci gaba da horar da Shurusberi har 1968. A wannan shekara ma suka zo na uku, hawa ya sake kuɓuce musu. Ya tafi Sheffield United, shekara ɗaya aka sallame shi. Daga 1970 zuwa 1976 ya horar da Southend United, wata ƙaramar ƙungiya ta bakin teku, ya hau da ita daga rukuni na huɗu zuwa na uku a 1972. Daga baya ya koma Shurusberi da zama. Can ya rasu a watan Disamba, 2002, yana ɗan shekara 76.

Me ya bari?

Ya bar lamba 434, wadda ta fi shekara 50 tana jiran wanda zai kamo ta. Ya bar 44 a littafin Lesta. A Shurusberi kuwa har yau shi ne wanda ya fi kowa ci a gasa, a kaka ɗaya da kuma a jimla.

Ya kuma bar ƙungiya tsaye da ƙafarta. Ya tarar da Shurusberi a hawa na ƙarshe, ba wanda ya san da ita. Ya bar ta cikin na gaba gaba a rukuni na uku. A 1979 ta hau rukuni na biyu karo na farko a tarihinta, ta yi shekara 10 a can. Filin bakin kogi ma yanzu babu shi, ƙungiyar ta koma sabon fili a 2007. Amma mutanen garin ba su manta da wanda ya zo musu daga sama bai raina su ba.

Ƴan'uwa, a Ingila kowace Asabar ta kaka akwai ɗaruruwan ƴan wasa da suke shiga ƙananan filaye. Da ƙwallo suke ci da iyalinsu. Rediyo ba ya kawo muku sunansu. Mafi yawansu ba za su taɓa hawa rukuni na ɗaya ba, kuma sun sani. Suna fita su yi aikinsu saboda mutanen garinsu da suka biya kuɗin ƙofa. Daga cikin irinsu ne aka samu wanda ya fi kowa.

In yaranku sun sake gardamar wa ya fi wani a ƙwallo, ku ba su labarin Ata Roli, ku sa su haɗa lissafin da kansu. Mu kwana nan.